Sigarin Kamfani da Tabar Naɗin Hannu: Jawabi ga Maza da Mata Masu Niyyar Barin Taba



Ina godiya ƙwarai da kuka bar gonakinku da rumfunanku da ofisoshinku kuka hallara a nan. Aikina a Ma'aikatar Watsa Labarai ta Tarayya shi ne juya takardun Gwamnati daga Turanci zuwa Hausa, sa'an nan in bi gari gari ina yi wa jama'a bayaninsu. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa yau daga wurin likitoci da masu bincike na samo shi, zan kuma riƙa faɗin ƙasar da aka yi kowane bincike da shekarar da aka yi shi, domin kowa ya san ba da ka nake magana ba.

Abin da ya jawo wannan magana

Kwanakin baya ina tashar mota a nan Azare ina jiran motar Kano ta cika, sai muka shiga taɗi da wani direba, dattijo mai furfura, wanda ya yi shekara da shekaru yana bin hanyar Kano zuwa Potiskum da Maiduguri. Ya ce mini, "Malam, ni ai na bar sigari tun bara. Likita ne ya hana ni." Na taya shi murna. Ba mu rufe baki ba sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro ɗan ƙunshin busasshen ganye, ya yagi gefen wata takarda, ya murza ganyen, ya naɗe, ya lashi bakin takardar, ya ƙyasta ashana. Na ce, "Baba, ai ka ce ka bari." Ya ce, "Wannan ai tamu ce ta gona, ba ruwanta da haɗin Turawa."

Dattijon nan bai yi mini ƙarya ba. A Hausa muna da kalmomi biyu, sigari da taba. An ce masa ya bar sigari, ya kuwa bar sigari, ya koma ga taba da zuciya ɗaya, yana ganin ya bi umarnin likita. Mu masu fassara muna da namu alhaki a cikin wannan ruɗu, domin sau da yawa mukan rubuta sigari a inda ya kamata mu rubuta taba. Saboda haka tun daga nan ina so mu yarda a kan ma'ana. Idan na ce taba a cikin wannan jawabi, ina nufin ta kwali, da ta naɗin hannu, da ta lofe, da shisha, da garin da ake shaƙa a hanci ko a ƙunsa a baki. Duk kanwar ja ce.

Inda kowacce ta fito

Taba ba shukar ƙasarmu ba ce tun asali. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma kimanin shekara ɗari huɗu da suka wuce, ta zauna har muka ɗauke ta tamkar tamu. Ƙasar Katsina ta daɗe da yin suna wajen nomanta. Kakanninmu sun sha ta a lofe, sun daka ta da kanwa sun yi gari, mata kuma sun yi ado da furenta tare da goro don haƙora su yi ja. Naɗa ta a takarda ya biyo baya, bayan da mutane suka ga siffar sigari suka kwaikwaya.

Sigarin kamfani kuwa baƙon jiya ne. Masana'antarsa ta Ibadan ta soma aiki a 1937, ta Fatakwal a 1956, ta Zariya kuma a 1959, duka ukun kuma sun kasance a hannun Kamfanin Taba na Nijeriya wanda aka fi sani da NTC. A 2001 kamfanin British American Tobacco ya ƙulla yarjejeniya da Gwamnatin Tarayya, ya gina sabuwar masana'anta a Ibadan wadda aka buɗe a 2003. Tsawon shekaru ana tallar sigari a rediyo da silima da allunan bakin hanya, ana nuna shi abin 'yan boko da ma'aikata da masu wayewa, ita kuwa ta naɗi aka bar wa talaka da mutumin ƙauye. Yau magana ta juya. Da mutane suka ji illar sigari, sai wasu suka soma yabon ta naɗi, wai ita ce mai tsabta don daga gona ta fito.

Abin da ke cikin hayaƙi

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: ina gubar take, a kamfani ko a ganye? Amsar masana ita ce mafi yawanta a ganyen take, da kuma ƙona shi.

Ganyen taba tun yana gona yana ɗauke da nikotin, watau sinadarin da ke kama mutum ya hana shi bari. Sa'ad da ake shanya ganyen yana bushewa, wasu sinadarai masu haddasa ciwon daji sukan samu a cikinsa, ko a rumbun manomi aka shanya shi ko a ɗakin kamfani. Idan aka sa masa wuta kuma, hayaƙin da ke fita yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Akwai baƙin danƙo mai kama da kwalta, wanda ke rina yatsu da haƙora, shi ne kuma ke kwanciya a huhu. Akwai iska mai guba irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareto ko kaskon gawayi a ɗaki rufe. Ita ce ke shiga jini ta tare wurin iskar da jiki ke bukata. Wuta ba ta tambayar wanda ya naɗa ganyen. Mai naɗawa da tsohuwar jarida ko takardar littafin makaranta ma ya ƙara wa kansa hayaƙin tawada.

A 2009 wasu masu bincike a Landan sun auna fitsarin masu shan naɗin hannu da na masu shan sigarin kamfani, suna neman alamun sinadaran da ke kawo ciwon daji. Ba su sami bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. To, naɗin hannun Ingila da yankakkiyar tabar kamfani ake yinsa. Wanda ya fi kama da namu shi ne na ƙasar Indiya, inda talakawa ke shan wata 'yar siririyar taba da ake kira bidi, wadda mata ke naɗawa da hannu a cikin ganyen itace, aka kuma fi shan ta fiye da sigari. Wani babban bincike da aka buga a 2008, wanda ya shafi gidaje fiye da miliyan 1 a Indiya, ya nuna cewa shan taba yana rage wa namiji kimanin shekara 6, mace kuma kimanin shekara 8. Babbar cutar da ta fi ɗaukar rayukan masu shan kuwa ita ce tarin fuka. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin tarin fuka bai bar ƙasarmu ba.

Kada kuma mai shan ta kwali ya ji wannan ya ce ashe tasa ta fi, tun da tana da auduga a gindi. Audugar nan ba ta hana cuta. Takan sanyaya hayaƙin ne, mutum ya ji daɗin zuƙa mai zurfi. A 2006 wata alƙaliya a Amurka, Gladys Kessler, ta yanke hukunci cewa manyan kamfanonin taba sun yi shekaru suna yaudarar jama'a, har da cewar da suke yi wani sigari ya fi wani sauƙi. Wanda ya bar ta kwali ya koma ta naɗi, da wanda ya bar ta naɗi ya koma ta kwali, dukansu sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago.

Haka nan mai cewa ya rage, yanzu kara ɗaya ko biyu yake sha a yini. Ragewa mataki ne, amma ba wurin tsayawa ba ne. Wani nazari da aka buga a Ingila a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ke kan mai shan kara 20.

Tarkon araha

Yanzu mu zo kan bambanci na gaskiya da ke tsakanin taba biyun nan, wanda a aljihu yake.

Daga 2008 zuwa 2018 masana a wata jami'a ta Landan sun yi ta tambayar masu shan taba a Ingila, har mutum fiye da 38,000. Sun tarar mai naɗin hannu yana kashe kimanin fam 14 a mako, mai sigarin kamfani kuwa kusan fam 27. Cikin masu sigarin kamfani, kashi 39 cikin ɗari sun yi yunƙurin bari a cikin shekara. Cikin masu naɗin hannu kashi 33 ne kawai. Amma ga abin lura: da aka dubi waɗanda suka yi yunƙurin, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen cin nasara. Watau naɗin hannu bai fi wuyar bari ba. Abin da yake yi shi ne kashe wa mutum niyya, domin aljihunsa ba ya yi masa zafi.

Wannan darasi ya dace da mu sarai. A watan Yuni na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ɗora harajin naira 1 a kan kowane karan sigari, a bisa wanda ake biya da can, ya koma naira 2 a 2019, ya kai naira 2 da kwabo 90 a 2020. Manufar irin wannan haraji ita ce tsada ta sa mutane su bari, yara kuma su kasa farawa. Tsadar rayuwa ta zo ta ƙara nata. Sai dai wanda tsada ta kora daga teburin mai sigari, idan ya zarce wurin mai sayar da ganye a kasuwar ƙauye, harajin bai amfane shi da kome ba. Ya ma rasa wani abu. Tun 2021 doka ta wajabta a buga hoton gargaɗi a jikin kwalin sigari, mai sha ya gan shi duk sa'ad da ya buɗe. Ƙunshin ganye ba shi da hoto, ba shi da rubutu, ba shi kuma da ƙidaya. Mai kwali ya san kara 20 ne a ciki, ya san ranar da ya ƙare. Mai naɗi sai ya wuni yana murzawa bai san adadin da ya sha ba.

Mu yi ɗan lissafi. A ce kara ɗaya naira 50 ne, mutum yana shan goma a yini. Naira 500 ke nan kullum, naira 15,000 a wata, naira 182,500 a shekara. Idan ya koma naɗi ya rage rabin wannan, zai ga kamar ya ci riba. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti da ciwon ƙirji, aka sayar da akuya da buhun gero don sayen magani, ranar zai san araha ba ta ado.

Ga maza

A 2012 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya sun gudanar da binciken amfani da taba a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa sama a duk faɗin Nijeriya. Sun tarar namiji ɗaya cikin kowane goma yana amfani da taba ta wata hanya. Masu busa hayaƙi su ne kashi 7.3 cikin ɗari na maza, da kashi 0.4 na mata, jimla mutum miliyan 3.1. Kimanin bakwai cikin goma na masu sha sun ce suna da niyyar bari ko suna tunaninsa. Ashe niyya ba ta yi mana ƙaranci ba.

Tabar namiji a fili take, kuma da abokai take tafiya: a tasha, a teburin mai shayi, a gareji, a bakin fadama sa'ad da ake gadin gona da dare, a majalisar bayan isha'i. Direba yakan ce ita ke hana shi barci a hanya. Gaskiyar magana, nikotin yakan isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗan farkar da mutum, sa'an nan ya janye ya bar shi da kasala da ƙunci, sai ya sake kunna wata. Natsuwar da yake ji, ƙishin da tabar baya ta haddasa ne ya kwanta na ɗan lokaci. Maganin barci a hanya shi ne a tsaya a huta.

Ga abin da namiji ke saye da kuɗinsa. A 1950 masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakar sigari da ciwon dajin huhu. Daga 1951 aka soma bin rayuwar dubban likitoci maza na ƙasar har shekara hamsin. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mai sha yana asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Amma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukan goman nan, ɗan 40 ya tsira da 9, ɗan 50 da 6, ɗan 60 ma da 3. Saboda haka babu dattijon da zai ce lokaci ya ƙure masa. Akwai kuma maganar da maza ba su son a yi a bainar jama'a, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Taba tana ƙuntata hanyoyin jini a duk jiki, tana kuwa cikin sanannun abubuwan da ke kawo raunin mazakuta.

Ga mata

Iyayena mata, ƙididdiga ta nuna ku kaɗan ne a cikin masu sha, kuma abin godiya ne. Amma ƙididdiga abin da aka faɗa wa mai tambaya take rubutawa, mace kuwa a ƙasar nan ba ta cika amsa wannan tambaya ba. Tabar mace a ɓoye take. Wata tsohuwa ta soma ƙunsa gari a baki don ciwon haƙori, shekara ashirin ke nan ba ta daina ba. Wata takan naɗa a bayan ɗaki idan maigida ya fita, domin naɗi ba ya bukatar a aiki yaro wurin mai tireda har unguwa ta sani. 'Yan mata a birane kuma ga shisha, ana ce musu ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai, alhali taba ce aka jiƙa da zaƙi. A binciken 2012 matan da ke amfani da gari sun ninka masu busa hayaƙi. Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero. Garin taba yana ɗauke da nikotin, yana kuma haddasa ciwon dajin baki da na maƙoshi.

Jikin mace bai fi na namiji jure taba ba. Wani nazari da aka buga a 2011 ya nuna cewa haɗarin ciwon zuciya da taba ke jawowa ya fi yawa ga mace da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Mai juna biyu da ke sha tana cikin haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da haihuwar jariri maras nauyi. Taba tana ƙara haɗarin ciwon dajin bakin mahaifa. Wadda ta haura shekara 35 tana sha, tana kuma shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, lalle ne ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti, domin wasu ƙwayoyin ba su haɗuwa da taba. Huhun da ya wuni a gaban murhu yana shaƙar hayaƙin itace kuwa ba ya bukatar ƙari. Albishir shi ne, binciken da aka yi a kan mata fiye da miliyan 1 a Ingila, aka buga a 2012, ya nuna wadda ta bari kafin shekara 40 ta kauce wa fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarin haɗarin mutuwa.

Babban abin da ke tare mace shi ne kunya. Namiji yana iya shelar ya bari a majalisa a yi masa barka. Mace ba ta iya neman taimako a kan abin da ba ta taɓa yarda tana yi ba. Ina roƙon ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su riƙa tambaya a keɓe, cikin mutunci, su kuma ambaci gari da naɗi da sunansu. Ina roƙon maza, wanda matarsa ko mahaifiyarsa ta buɗe masa wannan sirri ya rufa mata asiri ya raka ta asibiti.

Akwai kuma matan da ba su taɓa kunna taba ba amma suna shan ta kullum, su da 'ya'yansu, a ɗakin da maigida ke busawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba masu sha ba ne, hayaƙin wasu ne ya cim musu.

Yadda ake bari

Na farko, a sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau. Masu azumi sun riga sun ga shaida a jikinsu cewa ana iya wuni ba taba, saboda haka watan azumi lokaci ne mai kyau, muddin ba a rama da dare ba.

Na biyu, kafin ranar, mai naɗin hannu ya san adadinsa. Duk naɗin da ya sha ya ajiye tsinken ashana a aljihu ɗaya, da dare ya ƙirga. Da yawa za su sha mamaki.

Na uku, a raba gida da taba. Mai kwali ya zubar da saura, ya biya bashin mai tireda, ya gaya masa kada ya ƙara ba shi. Mai naɗi aikinsa ya fi yawa, domin sau da yawa yana da ajiyar ganye ta wata da watanni a rataye. Kada ya ce sai ta ƙare, kada kuma ya yi kyauta da ita. Mai 'yar gonar taba a bayan gida ko a fadama ya sa albasa ko barkono ko tumatir a wurin.

Na huɗu, a san abin da zai zo. Kwana uku na farko su ne masu tsanani: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Yawanci abin yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ƙishin taba idan ya taso 'yan mintoci yake yi ya wuce. A sha ruwa, a tashi a taka, a tauna asuwaki. Mai naɗi ya sani yatsunsa ma sun saba da murzawa da naɗawa, sai ya ba su wani aiki, ko carbi, ko tufkar igiya, ko saƙa. A rage goro da shayi mai kauri, domin idan aka bar taba ƙarfinsu yakan daɗe a jiki fiye da da, ya hana barci, mutum ya zaci rashin taba ne.

Na biyar, a nemi taimakon asibiti. Cikin masu ƙoƙarin bari su kaɗai, kaɗan ne ke dacewa a karo guda, amma shawarar ma'aikacin lafiya tare da magani tana ninka damar nasara. A watan Yuli na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan wannan jinya, ta amince da cingam da filastar nikotin da wasu ƙwayoyi da likita ke rubutawa. A gaya wa likita gaskiyar irin tabar da adadinta. Mai juna biyu, da mai shan maganin fuka ko na suga ko na taɓin hankali, kada su sha kome sai da izninsa. Muna da babban asibitin Gwamnatin Tarayya a nan Azare, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma asibitocin jiha da ɗakunan shan magani a Katagum da Gamawa da Yana da Giade da Itas da sauran garuruwa. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a gwada majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin Gwamnati.

Jiki kuwa ba ya ɓata lokaci wajen gyara kansa. Cikin sa'a 12 iskar nan mai guba takan sauka a jini. Cikin mako 2 zuwa 12 gudun jini da numfashi sukan inganta. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi, bayan shekara 10 na ciwon dajin huhu ma haka. Wanda ya yi tuntuɓe ya sha kara ɗaya kada ya ce shi ke nan. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama.

Doka da haƙƙin jama'a

Nijeriya ta yi dokarta ta farko a kan shan taba a 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya. Ta tabbatar da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005, sa'an nan aka sa hannu a kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa a 2015. Dokar ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara kara, ta hana talla, ta kuma hana sha a asibiti da makaranta da motar haya da sauran wuraren taruwar jama'a. Kowa a nan ya san har yanzu ana sayar da kara ɗaya a bakin titi, ana kuma aiken yara saye. Ɗan sanda ba zai tsaya a kowane tebur ba, balle ya shiga zaure ya ga mai naɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin ƙungiyar direbobi su tsare motocinsu, sarakunan kasuwa su ja kunnen masu tebur da masu ganye, malaman makaranta su lura da yara, iyaye kuma su daina aiken ɗa sayen taba ko ɗauko wuta.

Jama'a, idan kun koma gida aka tambaye ku abin da mutumin Gwamnati ya zo da shi, ku ce ya ce sauya taba ba barin taba ba ne, kuma mai naɗi da mai kwali, mace da namiji, kowa yana iya bari. Wanda ya gamu da dattijon nan direba a hanyar Potiskum, ko wani irinsa, ya isar masa da saƙon cikin ladabi, ya ce likita ganyen ma yake nufi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.